Zinariya Mai Murza Kunnen Yara

Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin farfaɗowa na asibitinmu ya san Zinariya. Wanda bai san fuskarta ba ya san dariyarta, domin tun daga bakin ƙofar tiyata ake jiyo ta. Ni sunana Turai, nas ce, kuma mun yi shekara ashirin da ɗoriya a ɗaki ɗaya da ita, shi ya sa nake ganin ina da bakin ba da labarinta.

A Dukawuya aka haife ta, a wani lungu da ko amalanke sai an karkata ta take shiga. Mahaifiyarta Dije ita ce mai huda kunnen jarirai mata a unguwar. Allura da zare ne kayan aikinta, kuma idan ta gama huda, jaririya na tsala kuka, sai ta sa babban yatsanta a kwarmin kunnen tana murzawa a hankali har kukan ya koma ajiyar zuciya. Zinariya ta tashi tana kallon haka, kuma da idon Dije ya yi rauni ita ta karɓi allurar. Karatun boko a aji huɗu ta tsaya. Ta auri Isiyaku mai gyaran keke a Ƙofar Dawanau, mutumin da zai yini bai furta kalma goma ba. In aka tambaye ta yadda suke zama, sai ta ce, "Ai mun raba aiki ne. Ni nake yi mana maganar, shi yake yi mana shirun."

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, aka yi shelar ɗaukar masu shara da tura marasa lafiya a asibiti. Zinariya ba neman aikin ta je ba, rakiya ta yi wa wata maƙwabciyarta. Tana tsaye a layi tana ba mata labari suna ta ƙyalƙyala dariya, sai ga ta a gaban teburin masu tantancewa. Wani dattijo mai tabarau ya tambaye ta ko tana tsoron jini.

Ta ce, "Alhaji, na haihu biyar, na huda kunnen da ban san adadinsa ba, kuma duk Babbar Sallah ni nake wanke kayan ciki a gidanmu. In da jini yana kisa da kallo, da tuni an yi sadakar arba'in ɗina."

Aka ɗauke su duka biyun. Ranar da aka ba ta koriyar rigar aiki da hular leda, ba ta cire ba ta ɗora mayafi a kai ta nufi gida. Maimakon ta bi hanyarta ta kullum, sai ta zaga ta Zaitawa, ta shiga gida uku gaisuwar da babu dalili, don dai a ga rigar.

Ɗakin farfaɗowa shi ne inda ake kawo mutum bayan an gama masa aiki, ya kwanta har maganin barcin ya sake shi. Manya sukan farka a hankali, wani da amai, wani da surutai. Yara kuwa wasunsu abin ba kyan gani. Yaro zai buɗe ido amma ba ya ganin kowa, ya dinga shure-shure yana ihu, ya fizge allurar ƙarin ruwa, ya kai hannu kan ɗinki. Uwarsa za ta kira sunansa bai san ta ba. Bayan minti goma ko ashirin sai abin ya wuce, ya nemi ruwa, kuma bai tuna komai ba. Iyaye da yawa sun ɗauka iska ce ta shige shi a ɗakin tiyata. Mu dai abin da muka iya shi ne mu danne yaron mu biyu ko uku, in abin ya ƙi ci a ƙara masa allura.

Zinariya tana wata na huɗu da fara aiki aka fito da wata yarinya 'yar shekara biyar mai suna Ikram, an yi mata aikin cibiya. Ta farka da ƙarfin da ban san inda ta samo shi ba. Na riƙe hannuwanta ta gantsara mini cizo a yatsa, uwar ta zube a ƙasa tana salati. Zinariya tana can gefe da bokiti da tsumman goge ƙasa. Sai na ga ta ajiye, ta je famfo ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu kamar yadda ta ga muna yi, ta dawo ta tsaya a saitin kan yarinyar.

Ta ce, "Sista, ba ni aron kunnenta."

Ban ma gane abin da take nufi ba, kuma ba ni da hannun da zan hana ta. Ta sa babban yatsa a kwarmin kunnen hagu, sauran yatsun a baya, ta shiga murzawa a hankali. Ba ta yi addu'a da ƙarfi ba, ba ta yi waƙa ba. Can sai ƙafafun suka rage bugun gado. Ihun ya koma kuka irin na yaron da ya san inda yake. Kafin wani lokaci Ikram ta juya ta ce, "Umma, ina takalmina?"

Zinariya ta kwashe da dariya har da riƙe ƙarfen gado. Ta ce, "Kun ji ta, an yanka mata ciki, ita takalminta ne damuwarta."

Ni na ce dace ne, lokacin dawowar yarinyar ne ya yi. Babbar Sista kuwa da ta ji labari ta kira ta ta ja mata kunne, ta ce mai shara ba ta taɓa majinyaci. Zinariya ta durƙusa ta ce ta ji. Kwana biyu bayan haka wani yaro ya shure tiren kayan aiki, Babbar Sista da kanta ta leƙa waje ta ce, "Ina matar nan take?"

Gaskiya ba kullum abin yake ci ba. Wani yaron ko za a murje kunnen ya fita sai ya gama abin da zai yi. Amma yana ci sau da yawan da ya sa muka daina cewa dace ne a gabanta. Iyaye suka raɗa mata Gwaggo Mai Kunne, har wasu kafin a shiga da ɗansu sai sun tabbatar tana bakin aiki.

Bayan wasu shekaru aka kawo mana sabon likitan allurar barci, Dakta Abdulhakeem, siriri, saurayi, mai yawan tambaya. Ya yi sati yana kallon hannunta. Ran nan ya ja kujera ya ce ta zauna, ya ɗauki takarda da biro ya zana kan mutum da wuya da ƙirji.

Ya ce, "Gwaggo, akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa, ta bi ta wuya, ta sauka ƙirji har ciki. Tana cikin masu kwantar da bugun zuciya idan mutum ya firgita. Wani ɗan reshenta ya ɓullo a nan." Ya ɗiga biro a kwarmin kunnen da ya zana. "Daidai inda kike sa yatsa."

Ta dubi takardar, ta dube shi. Ta ce, "Likita, kana nufin tsohuwarmu Dije ta san da jijiyar nan?"

"Ba ta san sunanta ba. Kuma ban ce lallai ita ce dalilin ba, ban da tabbas. Amma wurin dai shi ne."

Rabin maganarsa na ƙarshe ba ta ji shi ba. Ta karɓi takardar ta ninke ta soke a ƙugu, ta yini tana tare kowa a baranda, har masu gadi, tana nuna musu jijiya. Da ta koma gida ta shimfiɗa wa Isiyaku takardar a kan tabarma, ta yi masa bayani tun daga ƙwaƙwalwa har ciki, ta ce ashe shekara da shekaru da likita yake zaune bai sani ba. Ya daɗe yana duba zanen, sannan ya ce, "To." Ta ce mana a duk zamansu ba ta taɓa jin ya yi "to" mai nauyin wannan ba.

Dakta Abdulhakeem ya tafi ƙarin karatu ƙasar waje, ya daɗe, ya dawo da sanƙo da ɗan tumbi. A jakarsa akwai wani ɗan akwati da bai kai wayar hannu girma ba, da siririyar waya mai ɗan abin maƙalawa a ƙarshenta, kamar abin matse kayan shanya. Ya ce a can ana gwada shi a kunne, yana sakin lantarki kaɗan da ba ya ciwo, don ya taɓa jijiyar nan. Yana so ya gani ko zai taimaki yaranmu su farka lami lafiya.

Zinariya ta ce ba za a sa wa ɗan kowa abin da ba ta ɗanɗana ba. Ta zauna a kan gadon turawa, ta ture hularta, ya maƙala mata ya kunna. Ta kafe idonta a sama. Sai kafaɗunta suka fara rawa.

Ta ce, "Kiyashi ne. Wallahi kiyashi ne suke biki a kunnena." Dariya ta ci ƙarfinta har hawaye, mu ma muka kama, shi kansa likitan sai da ya juya baya. Da ya kashe ta ce ya ƙara mata kaɗan, ba ta gama tantancewa ba.

Daga nan ya yi mana bayanin yadda binciken zai kasance. Hukumar asibiti ta amince, kuma ba za a sa yaro a ciki ba sai iyayensa sun yarda sun sa hannu. Kowane yaro za a maƙala masa abin a ɗakin tiyata, amma na wasu za a kunna, na wasu a bar shi a kashe. Wata ma'aikaciya ce daban za ta riƙa yin wannan, ta rubuta ta rufe a ambulan. Mu a ɗakin farfaɗowa ba za mu san na wa aka kunna ba, shi ma ba zai sani ba. Aikinmu mu rubuta yadda kowane yaro ya farka. In yaro ya rikice sosai, a yi masa allura kamar yadda aka saba.

Sai ya gyara murya ya ce, "Saura abu ɗaya, Gwaggo. Wata uku ba za ki taɓa kunnen kowane yaro ba."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Da ta ga bai yi ba sai ta tsaya.

Ya ce, "In kin murza, yaro ya kwanta, ba zan san ko akwatin ne ko hannunki ba."

Ta ce, "Wato dai ni ce zan ɓata maka lissafi."

"Ke ce."

Ban taɓa ganin mutum ya ji haushi da daɗi a lokaci guda kamar yadda na gani a fuskarta ba. Ta ce, "Sista, kin ji ko? Hannuna har ya kai a ji tsoronsa." Ta ɗaga yatsan ta dube shi, ta ce wa yatsan ya tafi hutu.

Watannin nan mun sha kallo. Da an turo yaro sai ta harɗe hannuwa a baya tana zagaye gadon kamar sufeton makaranta. Da ta ga hannun yana kufce mata sai ta koma cusa shi a hammata. Daga baya ta gano dabarar ɗaukar bokiti biyu, ɗaya a kowane hannu, ko da babu abin da za ta wanke. Yaro na kuka tana tsaye da bokitai tana cewa, "Yi haƙuri ɗan nan, an ɗaure ni." A gida kuwa jikokinta suka shiga uku, duk wanda ya gifta sai an kamo kunnensa. Har Isiyaku bai tsira ba. Ta ce yana zaune yana shan koko ta kai hannu, ya ce, "Zinariya, ni lafiyata ƙalau." Ta ƙirga kalmomin, ta zo ta shaida mana huɗu ne cif.

A sati na bakwai aka fito da wani yaro ɗan shekara uku mai suna Ado, wanda aka haifa da tsagaggen leɓe, aka ɗinke masa. Aiki ne mai kyau, ɗinkin siriri kamar na hular zanna. Yana farkawa ya fara dukan iska, hannunsa na neman bakinsa. Likita ya riga ya koma tiyata da wani majinyacin. Ɗaya nas ɗin ta riƙe hannuwan, ni na ruga zuƙo allura. Yaron ya dinga buga fuskarsa a jikin matashi, har na hango ɗigon jini a gefen ɗinkin. Kafin in dawo na ji ƙarar bokitai a ƙasa. Na tarar da Zinariya a famfo tana wanke hannu da sauri, kuma ban hana ta ba. Ta sa yatsa a kunnen Ado. Na tsaya da allurar a hannuna ina jira, har na ga babu buƙatarta.

Ranar ba ta yi dariya ba. Ta je bakin ƙofar tiyata ta tsaya kusan awa guda. Yana fitowa ta ce, "Likita, na karya maka doka. Na taɓa kunnen yaron leɓen nan. Kada ka tuhumi su Sista, ni ce."

Ya je ya duba ɗinkin, ya ga bai farke ba. Ya zaro takardar Ado daga cikin sauran, ya rubuta abin da ya faru a bayanta, ya ajiye ta gefe. Ya ce, "Wannan ba za ta shiga cikin sauran ba. Da kin ɓoye mini, da kin ɓata duka. Yanzu ɗaya kawai na rasa, kuma leɓensa ya fi takardar."

Ta sauke numfashi. Sai kuma ta matso ta rage murya. "To nasa a kunne yake ko a kashe?"

"Ni ma ban sani ba, sai ranar da aka buɗe ambulan."

Wannan tambayar ta hana ta sakat sauran makonnin. In a kunne yake, to akwatin ya gaza ita ta gyara. In a kashe yake, to yaron ba shi da kowa sai ita. Ta ce kowanne ta juya daɗi yake mata, shi ya sa ta kasa zaɓar wanda za ta roƙa.

Ranar da aka buɗe ambulan ɗin muna ofishinsa mu huɗu. Ya daɗe yana haɗa takardu, sannan ya ce a cikin yaranmu, waɗanda aka kunna wa sun fi farkawa cikin natsuwa, kuma ba su buƙaci ƙarin allura sosai ba. Ya ƙara da cewa yaran ba su da yawa, sai an maimaita a wasu asibitocin kafin a ce an tabbatar. Zinariya ta gyaɗa kai kamar tana bin bayanin, amma ƙafarta na ta karkaɗawa.

Ta ce, "Na Ado fa?"

Ya duba ya ce, "A kashe yake."

Ta miƙe ta ɗaure mayafi a ƙugu ta fara taka rawa a tsakiyar ofis, tana juyi tsakanin tebur da kabad. Ya ce, "Gwaggo, yaro ɗaya ba ya tabbatar da komai."

Ta ce, "Na ji, Likita. Bari in gama rawata tukuna."

Mun zaci za ta yi kishi da akwatin, sai ga shi ta ɗauke shi kamar ƙaninta. Ta ce shi yana shiga tiyata inda ba a barinta ta shiga, kuma ba ya zuwa biki ko gaisuwar mutuwa. Da aka lura abin maƙalawar yana zamewa daga kunnen ƙananan yara, ita ta nuna a fara goge wurin da auduga ya bushe, a ɗan ja kunnen baya kafin a maƙala. Daga ƙarshe aka bar mata aikin gaba ɗaya. Ita take maƙala wa yaro a bakin ƙofa kafin a tura shi ciki, tana gaya masa cewa rediyon 'yan gayu ne.

Bayan wata shida aka yi taro a babban ɗakin taron asibiti, likitoci suka zo har daga wasu jihohi. Dakta Abdulhakeem ya yi bayaninsa da Turanci, Zinariya na zaune a layin baya cikin leshi ruwan goro, tana tafi duk inda ta ga ana tafi. A ƙarshe ya juya harshe zuwa Hausa ya kira sunanta, ya ce ta fito. Wata likita baƙuwa ta nemi ta nuna yadda take yi da hannu. Babu yaro a wurin, sai shugaban asibitin, dattijo mai kwarjini da kowa ke shakka, ya ce a gwada a kansa. Ya cire hula ya zauna a gaban jama'a.

Zinariya ta nemi ruwa da sabulu, aka kawo a roba. Ta tsaya a bayansa ta kama kunnen, tana yi wa likitar bayani: ba a dannawa, ba a sauri, kuma hannu ya zama da ɗumi. Tana cikin bayanin muka ga idon shugaban yana lumshewa, haɓarsa na sauka kan ƙirji a hankali. Ta leƙa fuskarsa, ta dubi jama'a, ta ce cikin raɗa, amma lasifika na gabanta, "A tashe shi ko a bar shi?"

Dariyar da aka yi ita ta tashe shi. Ya mayar da hularsa ya ce tunani yake yi, ba barci ba, kuma babu wanda ya musa masa.

Bara ta yi ritaya. Ta koyar da mata biyu maƙala abin kafin ta tafi, ɗaya ta iya, ɗaya tana kan koyo. Yanzu tana gida a Dukawuya, ta fara kiwon zabbi a bayan ɗaki, sun kai goma sha, suna damun maƙwabta da kuka. Nakan leƙa ta ranar Juma'a bayan la'asar. Zuwana na ƙarshe na tarar da ita a kan tsani, tana ƙoƙarin sauko da wata zabuwa da ta haye katangar liman.